Shekarar da Albasa Ta Ruɓe

Warin ruɓaɓɓiyar albasa ba ya kama da na komai. In ka taɓa shaƙarsa a gidanku, a shekarar da abincinku ya dogara a kanta, ba za ka manta ba. Jiya na bi ta bayan kasuwa ya doki hancina, sai na ga kaina yarinya a tsakar gidanmu na Jega.

Kakannina daga wajen Zuru suka zo. Mu Kirista ne, ba mu da yawa a unguwar, cocinmu ginin laka ne da rufin kwano. Baba yana noman albasa a wata fadama ta hanyar Aliero, wadda wani dattijo Musulmi ya ba shi aro. Duk sanda aka kwashe amfani, Kaka, uwar Baba, ita ke tsayawa a kan buhunan. Ta ware ɗaya cikin goma, ta ɗaure bakinsa da jan tsumma, ta ce wannan na Allah ne. Zakka muke ce masa, kamar yadda maƙwabtanmu ke cewa idan sun fidda damin gero. Ana kai shi wani ɗaki a bayan coci, wani dattijon ikilisiya mai shago ne ke riƙe da makullin. Daga nan ake gyaran rufi, daga nan ake ciyar da mai bishara.

A shekarar da nake ba ka labari, an kawo mana sabon mai bishara daga wajen Maiyama. Siriri ne, da tsohon keke, ba ya ɗaga murya ko a wa'azi. Malam muke kiransa. A shekarar ce kuma ruwa ya sauko da wuri, ya sami albasarmu a rumfa. Kwana da kwanaki muna tsinta, mu da Mama, hannunmu duk yauƙi, muna zubar da fiye da abin da muke ajiyewa.

Wata rana da hantsi Malam ya zo yi mana jaje. Baba ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, zakkar bana ba za ta taka kara ta karya ba.

Malam ya dubi ɗan abin da ya rage ya ce, "Kada ka kawo. Ciyar da yaranka."

Baba ya ce ai wajibi ne. Malam ya ce shi dai a karatunsa, wannan doka ta Isra'ilawa ce a zamaninsu, Kirista ba bashi ake binsa ba, abin da zuciyarsa ta yarda kuma hannunsa ya iya shi zai bayar. Kaka tana bayan zana tana jin komai. Ko gaisuwa ba ta fito ta yi ba.

Da ya tafi ta ce, "Mi wanga mutum ka nema? Da zakkar nan ake ciyar da shi, kuma shi ce kada a kawo? Akwai magana ƙasa."

Baba bai kai ba. Ranar godiya a coci kowane gida ya shigo da nasa ana waƙa, mu muna zaune. Na ga idon dattijo mai makulli a kanmu. Kafin sati ya zagayo magana ta gama unguwa: wai Baba ta ƙofar baya yake kai wa Malam nasa, don kada a raba da coci. Wasu suka ce a'a, Malam ɗin wata sabuwar ɗarika ce ta turo shi ya watsa mu. A zumuntar mata, waɗanda Mama ke zama kusa da su suka riƙa matsawa.

Kaka ba ta iya zama da zargi a ciki. Wata rana da la'asar ta zaɓi mafi kyawun albasar da ta tsira, ta cika kwarya, ta ɗora mini a ka. Ba mu bi ta gaban coci ba, muka zagaya ta lungu zuwa gidan Malam. Malam yana gyaran ƙafar kekensa, matarsa na zaune da 'yarsu, sa'ata, murhunsu babu wuta.

Kaka ta sassauta murya ta ce, "Malam, ga taka. Ba wanda zai ji."

Ya dube ta, ya dubi kwaryar, ya yi ɗan murmushi. "Inna, in zakka ce, kin san ɗakin da ake kaiwa. In tawa ce, gidanku ya fi ni bukata bana."

Ta matsa masa. Ya ce to, don kada ya mayar da hannun tsohuwa haka nan, sai ya ɗauki 'yan ƙwayoyi da ba su cika tafin hannu biyu ba, ya miƙa wa matarsa. Ni abin da na lura da shi, idon matar bai bar kwaryar ba har muka fita.

A hanya na ce, "Kaka, ai kin ga bai karɓa ba."

Ta ce, "Ya gane gwada shi nike. Mai wayau haka shi ne abin tsoro."

Ashe an gan mu mun shiga. Dattawa suka yi zama bayan sujada, aka kira Kaka. Ba ta yi ƙarya ba. Ta ce ya ƙi, ta ce kuma ya ɗauki kaɗan. Mai makulli ya ce, to, ashe dai yana karɓa. Wani ya ce ko da bai karɓa ba, koyarwarsa ta riga ta yi ɓarna, don gidaje da dama sun fara janye hannu tun da suka ji abin da ya gaya wa Baba. Wannan kam gaskiya ne, ɗakin bayan coci bai taɓa zama fayau irin na shekarar ba. Malam ya ce shi bai hana kowa bayarwa ba, tsoro kawai ya so ya cire musu. Ba a saurare shi ba. Kafin damina ta ƙare aka mayar da shi wani ƙauye, ya ɗaure kayansa a bayan keke.

Baba ya yi watanni bai taka coci ba. Wanda ya maye gurbin Malam mai murya ne, duk Lahadi sai ya tuna mana la'anar da ke bin mai hana zakka. Ɗakin ya sake cika. Da mai makulli ya sa wa shagonsa sabon kwano, Kaka ta tsaya a bakin hanya tana kallonsa tsawon lokaci, ta dawo gida tana ƙwafa. Shi ma ba ta taɓa kama shi da komai ba. Ta ci gaba da fidda nata har ta rasu, ba ta kuma yarda da kowa ba.

Yanzu babu buhu, babu ɗakin ajiya. Lambar asusun banki ce a bangon coci, kowa ya tura ta waya. 'Ya'yana suna nuna mini masu wa'azi suna ta musu, wannan ya ce dole ne, wancan ya ce an wuce zamanin. Ina kallonsu da irin idon Kaka, ina tambayar kaina abin da kowannensu zai samu in aka bi tasa.

Bara, a tashar Jega, wata mata ta kira ni da sunan gidanmu. 'Yar Malam ce. Ta ce mahaifinta ya rasu, bai canza ra'ayinsa ba har ƙarshe. Na daɗe ina so in gaya wa wani daga gidansu cewa mun zalunce shi, amma sai na tambaye ta ko ita ma ra'ayinsa take bi.

Ta ce ita duk wata sai ta fidda zakkarta, ba ta taɓa tsallakewa ba.

Na ce, "Ke nan kina ganin dole ce?"

Ta gyara jakarta ta ce, "Ban sani ba, 'yar'uwa. Na dai san abin da muka riƙa ci a shekarar da ba ku kawo ba."

Motarta ta cika, ta shiga. Ni kuwa haƙurin da na yi niyyar ba ta, ban ma san a madadin wa zan ba da shi ba.