Baba Issahaku Mai Ciwon Haya

Ranar da na fara shiga flat ɗinsu a unguwar Plumstead da ke London, nishi na ji daga banɗaki, irin na wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Na ajiye akwatina na dubi matar gidan, Mma Faridatu, wadda ta ba ni hayar ƙaramin ɗakinsu. Ko kai ba ta ɗaga ba daga albasar da take yankawa.

"Rabu da shi," ta ce. "Gobe tsakuwar ƙoda gare shi. Jibi hawan jini."

Haka na fara sanin Baba Issahaku. Ɗan wasan kwaikwayo ne, kuma a shekarun nan na baya makarantun koyon likitanci ne ke ɗaukarsa ta hannun wani agency, kamfanin samar wa 'yan wasa aiki, ya kwanta kan gado a matsayin marar lafiya, ɗalibai su shigo ɗaya bayan ɗaya su yi masa tambayoyi, su dudduba jikinsa, malami na gefe yana ba su maki. Sharaɗin aikin shi ne ka kasance lafiyayye, domin kada ɗalibi ya taɓa abin da ba ya cikin labarin da aka rubuta ya rikice. Ranar da ciwo na gaske ya kama ka, aikin ya ƙare. Baba ya san haka, kuma ba shi da wani dandamali da ya rage masa a duniya sai wannan gadon.

A zangon Kumasi aka haife shi, mahaifinsa falken goro ne. Tun yana saurayi ya gudu ya bi wata ƙungiyar 'yan wasa da ke yawo gari-gari a bayan lori. Ya ce mini bai taɓa fitowa a saurayi ba ko sau ɗaya, domin Allah ya yi masa fuskar tsoho tun yana da ashirin: kumatu a zube, goshi duk layi. Shi ne uban yarinya, shi ne mai unguwa, shi ne kurman da ake yi wa dariya.

Daga nan ya tafi Amurka. A Bronx ya zauna cikin 'yan zango, yana tuƙa tasi, yana wasa a wani ɗaki da ke ƙarƙashin coci inda masu kallo ba sa cika layi uku na kujeru. Masu fim suka gano fuskarsa. Ya fito a direban tasi, ya fito a mai buɗe ƙofar otal, ya fito a wakilin wata ƙasar Afirka marar suna da ke gyaɗa kai a bayan jarumi. Sau ɗaya aka ba shi magana a wani babban fim. Ya tara 'yan zangon Bronx, ya saya musu tikiti, suka cika layi guda a silima da manyan riguna. Da wurin ya zo, kafaɗarsa kawai aka gani.

"Amma kafaɗar ta yi ƙoƙari," in ji shi duk lokacin da ya ba da labarin.

Wani wasan dandamali ne ya kawo shi London. Wasan bai yi kasuwa ba aka rufe shi, sauran suka koma, shi ya tsaya. Ya auri Mma Faridatu, 'yar zangon Nima a can ƙasarsu, mai dafa abinci a wata firamare, council, wato ƙaramar hukuma, ta ba su flat ɗin nan a hawa na tara. A nan ma mai gadi ya riƙa fitowa, da uban ɗan gudun hijira mai kuka a filin jirgi, sai gawa. Mma ta ce gawar ce ta fi ɓata mata rai, domin mata a masallaci sun yi ta kiran waya suna ta'aziyya. Da gwiwoyinsa suka daina jure tsayuwar yini guda a gaban kamara, sai aikin makarantun likitanci ya zo.

Ni kuwa daga Gusau na zo da takardar likita, amma sai na ci wata jarrabawa kafin a bar ni in taɓa marar lafiya a ƙasar nan, kuma na riga na faɗi sau ɗaya. Baba ne ya ce in riƙa gwadawa a kansa ranar Asabar da hantsi, lokacin da Mma ta tafi kasuwar Woolwich. Yakan kwanta kan doguwar kujerar falo, ya saita agogon waya, ya zama wani mutum. Da Turanci muke yi. Idan agogo ya buga sai ya tashi zaune ya koma Hausarsa ta zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Dokta Maharazu, ka kashe ni. Ba ka tambaye ni ko ina shan giya ba."

"Baba, ai kai Alhaji ne."

"Alhaji yana Plumstead. Wanda ya kwanta nan Mista Brown ne, kwalba biyu kullum."

Wannan ita ce babbar ƙa'idar sana'arsa, kuma ya riƙe ta kamar alwala: ba ya faɗin abin da ba a tambaye shi ba. Ko da amsar na bakinsa, ko da ɗalibi na gumi a kansa, in bai yi tambayar ba, Baba ba zai taimake shi ba, domin da haka ake rarrabe mai sani da marar sani. Yana alfahari da cewa malamai na neman sa da suna saboda bai taɓa tausaya wa kowa ba.

Wata Asabar cikin watan Mayu muna yin gyambon ciki. Na gama tambayoyi, na ɗaga rigarsa, na sa hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama na ce ya ja numfashi. Sai wani abu mai tauri, mai gargada, ya taɓa yatsuna. Na sake. Yana nan. Na dubi idonsa a hasken taga, na ga farin ya ɗan yi rawaya.

"Baba."

Ya ci gaba da riƙe saman cikinsa yana yamutsa fuska kamar yadda labarin ya ce, har sai da agogo ya buga. Ni kuwa ina durƙushe kan kafet.

"Baba, abin da na taɓa ba ya cikin labarin."

Ya sauke rigarsa a hankali. Sai a lokacin na lura da sabon hujin da ya yi wa bel ɗinsa da ƙusa.

"Na je wurin GP, likitan unguwa, tun kafin azumi," ya ce. "Wani yaro ne, kamar kai. Na ce cikina na damuna. Ya tambayi ko ina cin yaji. Na ce ni ɗan Kumasi ne. Ya rubuta mini maganin ƙwarnafi."

"Ka faɗa masa ka rame? Ka faɗa masa yadda fitsarinka yake?"

"Bai tambaya ba."

"Baba, wannan ba jarrabawa ba ce!"

"Na zauna ina jira ya tambaya. Har na tashi na kama ƙofa ina jira." Ya yi 'yar dariya. "A zuciyata na ba shi sifili."

Ban iya dariya ba. Na ce Litinin mu koma tare. Ya girgiza kai. Jarrabawar ƙarshen shekara na zuwa, an yi booking ɗinsa a makarantu uku har ƙarshen Yuni, kuma da zarar an yi masa hoton ciki dole ya sanar da agency.

"Dokta, shekara arba'in ina tsaye bayan mutane. A can kuwa yaro ya shigo, ya gaishe ni, ya kalli fuskata har lokacinsa ya ƙare. Ba mai yanke ni. Ka bar ni in gama Yuni. Kuma Mmanka kada ya ji."

Falon ya yi mini ƙanƙanta. Mutumin nan shi ya karɓe ni a gari da ban san kowa ba, abincin gidansa nake ci, kuma bai taɓa roƙona komai ba sai yau. Na kuma san abin da makonni ke nufi ga hanta irin wannan. Na ce masa ba zan iya ba. Ya kawar da kai ya kunna talabijin.

Lif ya lalace tun ranar Alhamis, saboda haka mun daɗe muna jin hawowar Mma kafin ta iso, tana tsayawa a kowane hawa tana tsine wa council. Ta shigo da ledojin doya da ayaba ta zube su a ƙasa.

"An gama mutuwar? A zo a taya ni."

Na ce, "Mma, Baba ba shi da lafiya."

"Na sani mana. Yau me aka ba shi?"

"Ba na wasa ba, Mma. Na gaske."

Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta yi tsaki. "Har kai ya koya wa? Mutumin nan ya taɓa faɗuwa a kicin da kumfa a baki, na kira ambulance, ashe farfaɗiya yake koya. Ni na gama."

Na roƙe ta ta matso. Baba bai hana ba, bai kuma taimaka ba, idonsa na kan talabijin. Na nuna mata wurin da yatsa, ta danna da hannunta mai ƙanshin kasuwa. Ta daɗe hannun na wurin. Na ga lokacin da fuskarta ta sauya.

"Issahaku. Tun yaushe?"

"Yanzu ka yi tambaya," ya ce a hankali. "Tun sanyi."

Ba ta yi kuka ba. Ta kwashe ledojinta ta shiga kicin, muka ji tana buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Ranar Litinin mu uku muka je wurin GP, Mma ce ta yi bayanin duka, tana ƙirga masa da yatsu abin da ya daina ci. Aka tura shi hoto cikin gaggawa. Ciwon daji ne a hanta. Likitocin sun ce za a fara magani, ba su yi alkawarin komai ba. Shi da kansa ya kira agency, da muryarsa ta dandamali, har yana tsokanar matar da ta ɗauka. Ta yi masa addu'a irin tasu, ta ce ya dawo in ya warke. Kafin la'asar an yi cancel ɗin duk ranakunsa, aka ba wani Abdul-Samed, ɗan Tamale da Baba ya shigar aikin bara.

Ya yi kwanaki bai yi mini magana ba. In na shigo da sallama sai ya amsa wa bango. Ina jin motsinsa ta cikin siririn bangon da ke tsakanin ɗakunanmu, kuma yanzu babu nishi ko kaɗan, abin da ya fi hana ni sukuni ke nan. Lif ɗin har yau yana yi yana tsayawa, don haka in ba ranar asibiti ba ce, ba ya sauka. Yana zama bakin taga, inda ake hango jiragen ƙasa masu zuwa cikin gari, da waya a cinyarsa.

Shekaranjiya wayar ta yi ƙara ina falon. Abdul-Samed ne, an ba shi ciwon hanta a jarrabawar washegari, yana neman shawara. Baba ya buɗe muryar wayar ya ce ya gwada ya ji. Abdul-Samed ya fara nishi yana kiran wayyo, daidai yadda Baba ya koya masa.

"Tsaya, tsaya," in ji Baba. "Ba haka ba ne. Ni ma haka na yi ta yi musu, ashe ƙarya na sayar. Ba ka ihu. Numfashin kake ja rabi-rabi don kada ya taɓa wurin. In ka zo zama, ka fara neman abin dafawa da ido. In an tambaye ka yaya jiki, ka ce da sauƙi."

Abdul-Samed ya ce malamai sun saba da na dā, yana tsoron kada su ce bai iya ba.

Baba ya dubi hannunsa da allura ta yi wa tabo.

"To yi musu na dā," ya ce, ya kashe wayar.

Ya juyo gare ni, karo na farko tun ranar Asabar ɗin nan.

"Dokta, da za su ba ni rana ɗaya kawai, da sun ga aiki."

Sannan ya nemi hannun kujera da ido, ya dafa, ya miƙe a hankali zai yi alwalar azahar.