Sorsing da Gadar Gaban Mol

Sunanta na takarda Consorcia Dimaano, amma a layinmu na Caloocan ba mai kiranta sai da Sorsing. Allah ya jiƙanta. Tana 'yar shekara sha shida ta hawo jirgin ruwa daga Samar, kayanta ƙulle cikin buhun shinkafa. Ta yi aikatau a gidaje huɗu, daga baya ta tsaya kan wankau, ta yi shekara arba'in durƙushe gaban baho. Sabulu ya tsattsage mata hannuwa, in ta riƙe ka sai ka ji kamar ɓawon itace. Da waɗannan hannuwan ta karɓi haihuwar rabin yaran layin nan, da su ta wanke gawar uwata. Bakinta kuwa ba a magana. Ta zage ka da safe, rana na yi ta aiko maka da faten shinkafa mai citta.

Mijinta Poldo mai walda ne. Shekara huɗu da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, ya tashi ƙafar hagu ba ta ɗaguwa sai dai ya ja ta, numfashinsa kuma ya zama gajere. 'Yarsu ɗaya, Jovelyn, tana aure a can Iloilo da nata ɗawainiyar. Su biyu suka rage a ɗaki guda mai rufin kwano, taga ɗaya, ita ma tana kallon bangon maƙwabci. Daga Maris zuwa Mayu ɗakin nan tanderu ne. Fanka na juyawa, iskar wuta take hurowa.

Likitar asibitin unguwa, yarinya ce mai kirki, ta gwada Poldo ta ce, "Mama, zafi ne babban abokin gabarsa. In ya sake faɗuwa ba lalle ya tashi ba. Ki riƙa ajiye shi inda yake da sanyi."

Sorsing ta ce, "To, likita, da ƙarfe nawa zan kawo shi gidanki?"

Likita ta yi dariya. Sorsing ba ta yi ba. Ta dawo gida ta yi shawara da kanta, ta ga wuri ɗaya ne a duk garin nan da talaka zai sha sanyin esi ba a tambaye shi ko sisi ba, wato katafaren kantin nan mai hawa biyar da ke kan babban titi, wanda muke kira mol.

Haka rayuwarta ta koma. Ta gama wanki da sassafe, ta shanya, ta yi wa Poldo wanka, ta sa masa farar riga. Ƙarfe goma da rabi suna bakin layi suna jiran jifni, motar hayar talakawa. Tasi ba tata ba ce, kuɗinta ya kai wankin yini guda. Jifni kuwa peso sha ɗaya ne ga tsofaffi, mota ɗaya tak, ta juya ta shiga harabar mol ta sauke ka a bakin ƙofa. Ɗan kamasho yana dukan jikin motar yana ihu, "Saura mutum biyu! Saura mutum biyu!"

"Mutum biyu a ina, maƙaryacin banza? A kan cinyar uwarka?" in ji Sorsing. "Kai mai jar riga, matsa ciki, bakin ƙofa na tsoho ne."

A matsa. Benci biyu ne suna fuskantar juna, gwiwa na gugar gwiwa. Ta zaunar da Poldo a bakin ƙofa, ta miƙa kuɗi ga na kusa da ita, shi ya miƙa wa na gaba, har ya isa hannun direba, canji ya biyo ta hanyar da kuɗin suka bi. Da sun isa ta ƙwanƙwasa rufi da tsaba ta ce, "Para!" wato a tsaya. Taku ashirin, sun shiga sanyi.

A hawa na ƙasa akwai benci kusa da shagon takalma. Nan suke zama daga sha ɗaya zuwa huɗu, su da wasu tsofaffi irinsu. Ba sa sayen komai. Shinkafarsu da busasshen kifi suna ƙasan jaka, ta rufe da tawul saboda mai gadin da ke tsokana jakunkuna da sanda. Poldo ya yi barci, ya tashi, ya yi wa masu wucewa sharhi. Bazara uku suka yi haka, bai sake faɗuwa ba.

Bana, wata Litinin cikin Afrilu, direba ya wuce mashigar bai juya ba. Sorsing ta buga rufi har tsabar ta faɗi daga hannunta.

"Para! Kai, kurma ne? Para na ce!"

"Mama, an hana. Ba ki ga allo ba? Daga yau jifni ba ta shiga. Tasi da motocin gida kawai."

Ya sauke su a tsallaken titi. Titi ne mai hannu takwas, an kafa shingen ƙarfe a tsakiyarsa. Hanyar ƙetarawa ɗaya ce, gadar sama, matakala hamsin da takwas hawa, hamsin da takwas sauka, ba rumfa. Komawa gida ba wuya, domin motocin komawa ta gefen mol suke bi. Zuwan ne aka toshe. Sorsing ta dubi gadar, ta dubi ƙafar mijinta. Daga inda suke tsaye tana hango manyan motoci masu baƙin gilashi suna sauke mutane masu ƙafafu biyu lafiyayyu a bakin ƙofar. Ranar suka yi zagaye mai nisa suka koma gida.

Washegari ta je ita kaɗai, ta hau gadar, ta sami teburin karɓar koke. Wata budurwa mai jan baki ta yi mata murmushi ta ce an yi haka ne don rage cunkoso, don jin daɗin masu sayayya.

"Mijina ba ya iya hawa. Da me zai ƙetara, da fiffike?"

"Ku hau tasi mana, Mama. Tana kawowa har ƙofa."

Ta ba ta takarda ta cike. Sorsing aji uku ta yi a firamare. Ta ninke takardar ta yi fifita da ita har gida.

Kwana uku suka zauna a ɗaki, tana jiƙa tawul tana shimfiɗa masa a ƙirji. Rana ta uku da azahar idanunsa suka juye, sai da muka kwara masa ruwan ƙanƙara ya dawo. Da yamma Sorsing ta ɗaura ɗankwali ta nufi tasha wurin Dadong.

Dadong direban jifni ne a wannan hanyar, shekararsa hamsin da takwas. Shi ya riƙe Jovelyn a coci ranar da aka yi mata baftisma, don haka shi kumpare ne ga Sorsing da Poldo; namiji a ce masa Pare, mace a ce mata Mare. A wurinmu wanda ya riƙe maka ɗa ya wuce aboki. Ba ya ce maka a'a, kai kuma ba ka roƙonsa abin da zai cuce shi. Sorsing ta san duka biyun. Ta yi zagaye uku a tashar kafin ta iya ƙarasawa.

"Pare."

"A'a, Mare! Yau wa ya mutu kika zo tasha? Zauna, kin ci abinci?"

"Ban zo ci ba. Kumparenka ya suma ɗazu."

Ta gaya masa abin da take so: ya juya ta hanyar motocin gida, ya sauke su a ƙofa, ya fice. Minti ɗaya. Dadong ya cire tawul daga wuyansa ya goge fuska, ya sake gogewa. Motar ba tasa ba ce, kullum sai ya kai wa mai ita balas kafin ya ga na cefane, ga jikoki uku a gidansa. Bai faɗi ko ɗaya daga ciki ba.

"Sha ɗaya saura kwata ku tsaya a bakin layi," ya ce.

Kwana huɗu yana yi. Ya shararo, ya karya kan mota ya bi bayan wata ƙatuwar motar gida, fasinja suna shewa, Poldo yana ɗaga sandarsa yana cewa, "Taka ta, Pare, ai mu ma masu kuɗi ne!" Kafin mai gadi ya busa usur sun fice. Rana ta biyar jami'in hanya na laɓe bayan allon yana jiransu.

Sorsing ta diro kafin motar ta gama tsayawa.

"Ni na sa shi! Ni za ka kama, ga hannuna!"

"Mama, koma gefe. Direba, lasin."

"Kalli tsohon nan. Kalle shi da kyau! Ba ka da uba ne? Waccan motar da ta wuce yanzu, kare ne a kujerar gaba, kare! Shi an kai shi ƙofa, mijina ya hau sama kamar biri?"

"Ba ni na kafa doka ba."

"To wa ya kafa? Nuna mini shi! Kullum ba ku ba ne. Allo ya kafa kansa, shinge ya tsiro kamar ciyawa!"

Jami'in bai ko ɗago ba, yana rubutu. Aka karɓe lasin, aka ja motar. Mai mota ya biya tara ya karɓo abarsa, ya miƙa makulli ga wani direban. Dadong ya zauna ba aiki.

Abin da ya karya Sorsing ya faru ne washegari. Dadong ya zo gidan da nonon ayaba a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Mare, ki yi haƙuri. Na kasa muku. Gobe ba ni da abin da zan kai ku da shi."

Da zaginta ya yi, da ta rama ta ji sanyi. Ta karɓi ayabar. Bayan ya tafi ta shiga bayan labule ta toshe bakinta da rigar wankin mutane don kada Poldo ya ji.

Daga ranar ta rantse ba ta ƙara roƙon kowa. Wani direba ya ce zai gwada, ta ce in ya kuskura za ta fasa masa gilashi. Mu kuma ta ce mana ta samo wata hanya. Muka yarda, don Sorsing ta san kowane lungu na garin nan. Wannan yardar ce ba zan yafe wa kaina ba.

Hanyar da ta samo ita ce gadar. Takan rataya hannun Poldo a wuyanta, ta ɗaure ƙugunsa da nata da zanen gado, ta ɗaga shi matakala ɗaya, ta jawo matacciyar ƙafar da tata ƙafar, sannan ta gaba. Duk matakala goma su huta. Ƙarfen riƙewa ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Mutane suna raɓa su suna wucewa, wasu da tsaki. Ita kanta tana da hawan jini, ta fi shi sanin haka.

"Kwance ni, mace, mu koma. In mutuwa ce in mutu a ɗakina."

"Rufe mini baki. Ka mutu wa zai biya akwatin gawa? Ɗaga ƙafar."

"Ai ba ta ɗaguwa, uwar masifa."

"Mai kyan nake nufi, tsohon kwano!"

Minti arba'in suke yi a kan gadar. Kwana goma sha ɗaya tana haka.

Ranar sha biyu, Talata, rediyo ya ce an rufe makarantu saboda zafi. Ta hau da shi, ta sauko da shi, ta shigar da shi. Ta kwance zanen, ta zaunar da shi, ta ba shi ruwa. Sannan ta ce, "Bari in ɗan jingina, kaina na sarawa." Ta ɗora kai a kafaɗarsa.

Poldo ya ce tun da ya kwanta ciwo bai taɓa ganin ta yi barcin rana ba. Don haka ya ƙi motsi. Kafaɗarsa ta yi tsami, fitsari ya matse shi, ya daure, wai kada ya tashe ta. Awa biyu. Sai wani mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa bencin da sanda.

"Baba, tashe ta. Ba a barci a nan."

Shekararta sittin da uku. A takarda an rubuta bugun zuciya. Daga mol aka aiko mana da jakarta cikin leda mai tambarinsu, shinkafar na ciki ba a taɓa ba. Ba wanda ya tako daga cikinsu. Allon yana nan, an ma sake masa fenti.

Jovelyn ta zo ta yi ta roƙon ubanta ya bi ta Iloilo, likita ta ce ba zai jure tafiyar ba sai zafi ya karye. Ta koma wurin 'ya'yanta tana kuka. Damina kuwa sai nan da wata guda, ɗakin yana nan yadda yake.

Kwana biyu bayan jana'iza, sha ɗaya saura kwata, Dadong ya shigo layin. Bai yi dogon bayani ba. Ya sa wa Poldo riga, suka hau jifni, ya miƙa kuɗin mutum biyu aka kai wa direba, shi da ya yi shekara talatin ana miƙo masa. Na bi su, don yanzu ba na yarda da "na samo hanya" daga bakin kowa. A gindin gadar ya durƙusa ya ba da baya.

"Hau, Pare."

"Ni jariri ne? Kai da gwiwarka ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa?"

"Hau mana, rana na dukana."

"In ka yar da ni sai na kai ka ƙara."

"Wurin wa? Hau."

Ya hau. Na bi bayansu da sanda da gorar ruwa, idona a kan jijiyoyin ƙafar Dadong. A matakala ta ashirin ya tsaya, ya jingina goshi da ƙarfen nan mai zafi yana haki kamar zai shiɗe. Wani saurayi da waya a kunne ya ce mu ba shi hanya, yana sauri. Na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa ɗan mutum ba. Dadong ya gyara goyonsa, ya ci gaba da hawa.