Takin Bola da Yatsana na Dama

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambayar awara da masu gaisuwar rasuwa duk na ga saƙonku, hannun amsawa ne babu. Yau ma da hagu nake dannawa, ku yi haƙuri da ni.

Da bazara maigidana Malam Sani ya sayi tifa guda ta takin bola, sharar garin nan da ake zubawa a gona, don takin zamani ya fi ƙarfinmu. Aka juye mana a gonarmu ta bayan Tsiga. Kowa ya san aikin, sai an tsince leda da kwalba kafin a baza.

Muna tsinta muka fara cin karo da ledojin ƙarin ruwa, da auduga mai busasshen jini, da sirinji. Na ce, "Malam, wannan fa sharar asibiti ce."

Ya yi dariya. "To ai shi ke nan, Binta. Masarar bana ta sha magani tun tana ƙasa, ba ita ba zazzaɓi."

Ranar ce 'yar wuƙar tiyata ta huda silifas ɗinsa ta yanke shi a tafin ƙafa. Ni kuma allura ta shige min yatsan nuni na dama. Na zare, na tsotse jinin, muka ci gaba da aiki.

Malam yana da ciwon suga. Ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Kafin ruwan shuka ya sauka an kai shi makwancinsa.

Ina cikin takaba nawa ya taso. Zugi kamar an sa yatsan a garwashi, ga zazzaɓi. Matan gida suka ce ɗan karkare ne, a ɗaura lalle. Aka ɗaura. Da ƙanin Malam, Lawal, ya ga kumburin ya kama wuyan hannu, ya ce, "Yaya, takaba ba ta hana neman magani. Ɗauko hijabinki." Ya kai ni babban asibiti a Funtua.

Likita ya duba, ya ɗauki biro ya ja layi ƙasa da gwiwar hannuna.

"Baiwar Allah, in kumburin ya tsallake nan, hannun za mu cire."

Da wannan hannun nake matse awara. Da shi zan ciyar da marayun da Malam ya bar min.

Kullum da safe kafin in yi salati layin nake fara dubawa. Sai allura ta jijiya, sai ƙarin ruwa, sai wankin ciwo. Wankin ciwon nan ban da abin kwatanta shi. Bakin zanena nake cusawa a baki. Wata nas takan riƙe min kafaɗa tana cewa, "Yi kukanki, Maman yara, ba wanda zai ba da labari."

Suka ɗebi jini don gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, tunda ba a san jikin wa allurar ta fito ba. Suka ce ko ya fito lafiya sai an sake bayan watanni. Waken suyan da muka ajiye na iri ya tafi a magani, tinkiyata ta bi shi.

Ina kwance Lawal ya nemo direban tifar. Ashe mai motar wani Alhaji ne da wani asibitin kuɗi ya ba kwangilar kwashe shararsu ya ƙona. Ba ya ƙonawa. Cakuɗawa yake da bola ya sayar wa manoma. Ya ci a wajensu, ya ci a wajenmu.

Mai asibitin kuɗin ya zo duba ni da ledar lemo.

"Hajiya, ƙaddara ce. Mu kamfani muka ba, har da takarda."

Na ce, "Ni ba Hajiya ba ce. Ka taɓa bin motar Alhajin ka ga inda yake ƙonawa?"

Na ƙara masa da wata tambayar.

"Me ya sa shi ka zaɓa?"

Ya ce shi ya fi rangwame, kuma surukinsa ne, ba ya zaton zai yi haka.

Na ce, "Ɗauki lemonka. Ƙaddara na karɓe ta hannu biyu. Kai ne ban karɓa ba."

Kumburin ya zo gab da layin ya tsaya, sannan ya fara ja da baya. Hannun ya tsira. Yatsan ne ya riga ya mutu, suka cire shi. Gwajin jini na farko da na biyu duk sun fito lafiya, Alhamdulillahi. Na koma suya, a hankali.

Lawal, Allah ya raya maka zuri'a. Likita da nas ɗin nan, da maƙwabtan da suka riƙe min yara, Allah ya biya ku.

Manoma, tifar taki in ta zo ku tona ku duba kafin a juye. Kun ga sirinji ko auduga, ku kora ta. Kada ku tsinci bola da hannu tsirara ko da silifas. In abu ya soke ku, asibiti a ranar, ba lalle ba.

Ku kuma masu asibiti da masu kemis, kafin ku ba mutum shararku, ku taka da ƙafarku ku ga wurin ƙonawarsa. Ku ga wutar da idonku. Allura a akwatinta a rufe. Wata rana ku bi motar ba tare da ya sani ba. Surukuta ba ta ƙona allura.

Ana ta ce min in yafe. Ban yafe ba.

In na zauna tahiya, sai in nemi yatsan da zan ɗaga in tarar babu. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce sallata ta yi, kuma ranar tsayuwa Allah zai mayar min da shi.

To madalla. Alhaji mai tifa, da kai mai asibitin kuɗi, da shi zan nuna ku.