Mai Riƙe da Linzami

Har yau ban manta da ranar da Ammi Usman ya shigo ofishinmu na unguwar Bagdadiyya rungume da wani hoto a cikin tsohon mayafi ba. Watan Rajab ne, a shekarata ta farko a Jidda, iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta daɗe da fitowa ba. Ina ba ku labarin ne, ku sababbin ma'aikata, saboda kun sha tambayata abin da ya sa nake hana a taɓa hoto kafin a zare shi daga firam. Na sauya sunayen mutanen, domin ƙa'idar aikinmu ba ta yarda a fallasa abokin ciniki ba. Sauran zan faɗa yadda ya faru, inda kuma ban tabbatar ba, zan ce ban tabbatar ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, tsarinta shi ne wannan. Mudir, wato shugaban ofis, shi ke karɓar tsohon hoto ya ji abin da mai shi yake so. Mai gyara ya ɗauke shi da sikana, ya cike inda ya yage, ya share tabo a kwamfuta. Mai hoto ya dawo ya duba ya amince, sannan a tura wa maɗaba'armu ta Khumra a buga. Mudirinmu a lokacin Ustaz Adil ne, Bahaushen Sudan, mutum mai raha da saurin yanke magana. Ni ne mai gyara. Tarihi na karanta a jami'a, gyaran hoto kuwa a gefe na koye shi, kuma shi ne ya kawo ni Jidda.

Ammi Usman dattijo ne mai shagon yadi a Bab Makka. A Jidda aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya warware mayafin, sai ga firam na katako, a cikinsa kwali mai taga zagayayya kamar ƙwai. A tagar wani dattijo ne baƙi, mai farin gemu, zaune a kujera cikin doguwar baƙar riga, da littafi a kan gwiwarsa.

"Kakana ke nan, Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Daga Gobir ya taso, ya yi fatauci har bakin teku, sannan ya yi niyyar Makka a ƙafa. Dubi hancin, ya waladi. Hancin gidanmu ne sak."

Abin da yake so shi ne a ƙara girman hoton. Bayan dogon cigiya ya gano danginsa a Sabon Birni, wasu dattawa daga cikinsu za su zo umara a ƙarshen watan, kuma zai yi musu walima. Wannan ce haɗuwa ta farko tun bayan tafiyar kakan. A wayar da suka yi, dattawan sun karɓe shi da ladabi, amma ya ji a muryarsu ba su gama gamsuwa ba. Hoton ne kaɗai shaidarsa.

"Abu ɗaya," ya ƙara, yana nuna wuyan mutumin. "Wannan farin tabon, a share shi."

"Halas, ya ammi, an gama," in ji Ustaz Adil.

Ni dai tun a nan wani abu ya tsaya mini. Ban san malamin wancan zamani da zai zauna a ɗauke shi hoto ba hula ba rawani ba. Na faɗa cikin ladabi, Ammi Usman ya yi dariya ya ce, "Zafi ne, ya waladi. Bakin teku ai ka san shi."

Da ya tafi, na zare ƙusoshin bayan firam ɗin, na ɗaga kwalin. Ashe tagar ta ɓoye fiye da rabin hoton. A bayan kujerar akwai doki. A gefen dokin wani saurayi ne tsaye, da riga da hula, yana riƙe da linzami. A can baya kuma ga wani gini mai jinka, da gicciye a samansa. Na sake duba farin tabon a kwamfuta, na ƙara girmansa. Ba tabo ba ne, kwala ce irin ta limaman Kirista. A Zariya na tashi, ina ganinta a wuyan maƙwabtanmu tun ina ƙarami. Iyalin da aka haifa a Jidda kuwa ba su taɓa ganin coci ba, balle kwalar mai wa'azi. Sun ga gemu da doguwar riga da littafi, suka ce malam ne.

Ban gaya wa kowa ba sai da na bincika, don ina tsoron in ɗora wa bawan Allah abin da ba nasa ba. Na bi taskokin tsofaffin hotuna da jami'o'i ke sakawa a intanet, har na ci karo da irin wannan hoton, kujera da doki da komai, tare da tarihin mai shi. Bishof ne na 'yan Metodis, ɗaya daga cikin na farko da aka naɗa a gaɓar Afirka ta Yamma. Na san sunansa, amma ba zan faɗa ba, domin wanda ya san sunan zai nemo hoton, wanda ya nemo hoton kuwa zai gane gidan.

Na kai wa Ustaz Adil. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ya salam! Shekara da shekaru suna nuna wa yara bishof ranar idi!" Ya share hawaye. "To ya ustaz, mai hoto ya ce a share tabo, ka share. Ka rufe gicciyen, ka yanke dokin. In kana so ka ɗora masa rawani, ni ban gani ba. Yalla."

"Ranka ya daɗe, baƙin daga Najeriya za su zo. In sun gane fa?"

"Ba kwala, me za su gane?"

"To sai ya zama mu muka ƙirƙiro masa kaka. Kuma ina zaton kakan na gaskiya yana cikin hoton, shi ne za mu yanke."

Ya dubi saurayin mai linzami. "Zato kake ko ka tabbatar?"

"Na tabbatar na zaune ba kakansa ba ne. Na tsaye kuwa zato nake."

"Kai da zatonka da tabbacinka! Ka je ka gaya masa da bakinka. In ya jefe ka da almakashi, ban aike ka ba."

Bayan la'asar na tafi Bab Makka da hoton a kwamfutar hannu. Na same shi a shago tare da yayarsa, Hajiya Zainab, tsohuwa mai kaifin baki, tana zaune a kan kujera tana zaɓen yadin da za a raba wa baƙi. Aka kawo shayi. Na gaishe su gaisuwa mai tsawo fiye da kima, don ban san ta inda zan fara ba. Daga ƙarshe na buɗe hoton gaba ɗayansa, na nuna kwalar, na nuna gicciyen, na faɗi abin da na samu.

Ammi Usman ya ajiye kofinsa a hankali. "Esh hada? Kana nufin kakana Nasara ne?"

"A'a, Baba. Ina nufin wannan ba kakanka ba ne."

"To hancin fa?"

"Hanci!" in ji Hajiya Zainab. "Tun muna yara nake gaya maka naka ya fi wannan faɗi."

Bai yi dariya ba. Ya dafa teburin awo. "Na gaya wa mutanen nan ina da hoton kakanmu," ya ce da ƙaramar murya. "Me zan nuna musu yanzu? Kuma duk fatihar da muka yi ta yi a gaban hoton nan?"

"Da sunan wa ka yi ta?" in ji yayar. "Addu'a suna take bi da niyya, ba ta bin kwali. Kai ɗan nan, wane ne shi wannan ɗin da ya zauna mana a gida?"

Sai na ba su tarihinsa kamar yadda na karanta, ba ƙari. A ƙetaren teku aka haife shi, a Amurka, ɗan talakawa baƙar fata. Yana yaro aka ba da shi aikin gona, bai samu karatu ba sai da ya fara girma, amma ya dage har ya zama malamin makaranta. Daga nan ya shiga jirgin ruwa zuwa gaɓar Afirka a matsayin ɗan mishan. Al'adar 'yan Metodis a wancan lokaci ita ce ba a barin mai wa'azi ya zauna gari ɗaya, zagaye ake yanka masa, ya riƙa bin ƙauyuka a kan doki. Haka ya yi ta yi, yana buɗe makarantu, zazzaɓi yana kayar da shi yana tashi, har aka naɗa shi bishof da furfura a gemunsa. Bai daina hawan doki ba sai da ƙarfinsa ya ƙare. Bayanin ya kuma ce a shekarunsa na ƙarshe yana da wani jagora Bahaushe Musulmi, mai kula da dokinsa, mai yi masa tafinta a kasuwanni, kuma idan lokacin salla ya yi, bishof yakan sauka ya jira a inuwa har jagoran ya idar. Ba a rubuta sunan jagoran ba.

"Matso mini da yaron can," in ji Hajiya Zainab.

Na ƙara girman fuskar mai linzami. A lokacin na riga na share ƙurar da ta rufe ta, ban ƙara ko ɗigo ba. A kumatunsa akwai tsaga, layuka da yawa sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa kunne. Tsohuwar ta kai yatsa kusa da gilashin.

"Fuskar Abuya ke nan, mahaifinmu," ta ce. "Usman, kai ba ka san shi ba, kana goye ya rasu. Irin wannan zanen ne a kumatunsa, in ya ɗauke ni nakan ƙirga su da yatsa. A Sudan kakanmu ya sa aka yi masa, ya ce kada ya ɓata."

A nan ne muka haɗa yadda abin ya faru, ko da yake wannan ɓangaren zato ne. Mahaifiyarsu ta ajiye hoton a naɗe a ƙasan akwati, tana cewa kawai hoton kakanku ne. Bayan rasuwarta babban wansu ya kai wa mai firam. Shi kuwa mai firam ya ga mutum biyu, ɗaya a kujera ɗaya a gefen doki, sai ya yanka taga a kan na kujera. A sana'armu wannan kuskure ne mai sauƙi: ido yakan tafi wurin wanda ya fi kama da babba.

"Baba," na ce, "dole in faɗa maka, tsaga tana nuna Bagobiri ne, ba ta nuna sunansa."

"Ya waladi, wa zai ɗauko hoton wani ya ratsa hamada da shi a ƙafa? Nasa ne ya ɗauko." Ya jawo kwamfutar gabansa, yana murmushi a karo na farko. "Ashe kakana kyakkyawa ne."

Na tambaye shi ko in yanke bishof in bar mai linzami shi kaɗai. Ya yi tunani, sannan ya girgiza kai.

"Mutumin da ya sauka daga doki ya jira kakana ya yi salla? La, la. Ka bar shi da kwalarsa. A buga duka."

Aka buga a Khumra, aka kafa a zauren walimar. An gayyace mu, ni da Ustaz Adil. Babban baƙon wani tsoho ne siriri mai sanda, ana ce masa Alhaji Ɗanjimma. Ya tsaya a gaban hoton ya ce, "Ikon Allah, wannan fasto fa?" Ustaz Adil ya taka mini ƙafa. Kafin a ba tsohon amsa idonsa ya kai kan mai linzami. Ya matsa kusa, ya shafa kumatunsa, inda irin wannan tsagar take a cikin tamoji, sannan ya juyo ya kama Ammi Usman da hannu biyu.

"Wannan askar gidanmu ce," ya ce. "Ɗan'uwana, sannu da zaman baƙunta."

Ammi Usman ya yi kuka, ya yi dariya, sannan ya shiga ba su labarin bishof tun daga gonar Amurka, yana ƙara abin da ban faɗa ba. Sau biyu na buɗe baki zan gyara masa, sau biyu Ustaz Adil ya tura mini farantin shinkafa.

Abin da na koya a wannan aiki guda biyu ne. Na farko, a zare hoto daga firam a duba gefensa, domin sau da yawa wanda ake nema ba shi ne a tsakiya ba. Na biyu, kada a share abin da mai hoto ya kira tabo sai an san ko mene ne. Game da mutanenmu na nan kuwa, na ga gaskiya ba ta ba su tsoro kamar yadda muke zato a ofis, in dai an kai musu ita da ladabi.

Bayan tafiyar baƙin, Ammi Usman ya dawo da tsohon firam ɗin nan mai taga. Ya ce in buga masa ƙaramin hoton bishof a mayar a ciki.

"Me za ka yi da shi, ya ammi?" in ji Ustaz Adil.

"Ya fi ni daɗewa a falona," in ji dattijon. "Baƙon kakana ne. Ba ni zan kore shi ba."