Ranar da Na Kusa Shanye Wasiƙar Jihadi

Ni karatuna bai wuce izu biyu ba, su ma da bulala aka ɗura min su, boko kuwa ta taga na leƙa shi. Sana'ata a Dubai ɗaurin kaya ce: 'yan kasuwar Kano su sayo atamfa da turare, ni in naɗe da leda da salatef in tura ta kago, wato jirgin dakon kaya. To ka ji mutumin da aka ba amanar takardun da suka girmi kakan kakansa.

Mai takardun wani likita ne ɗan Sakkwato, filat ɗinsa a Bur Dubai. Wasu albashinsu a mota yake ƙarewa, shi nasa a tsofaffin wasiƙu na zamanin jihadi. Duk hutu sai ya bi gidajen malamai a ƙauyuka, inda jikoki ke ajiye da gafakar kakanni, wata a ba shi kyauta, wata ya saya kafin gara ta riga shi. Ni nake ɗaure masa kaya in zai tafi gida, ta nan muka saba. Ranar da ya fara nuna min su, sai da ya sa na wanke hannu na goge tas. Takardar ta yi launin busasshen ganyen taba, rubutun kuwa baƙi ƙirin, kai ka ce jiya aka ɗaga alƙalami. Na tsaya na kasa magana, abin da matata za ta rantse bai taɓa faruwa ba. Hannun da ya riƙe takobi tare da bayin Allahn nan masu jihadi shi ya ja waɗannan layuka, ga su a gabana a saman bene, na'urar sanyi tana ta ƙugi.

Shekarar korona likitan ya tafi hutu, aka rufe jirage, ya maƙale a gida. Da aka sassauta fita sai ya sa maƙwabcinsa ya ba ni makulli, in riƙa zuwa daga unguwarmu Satwa ina duba na'urar sanyin, don in laimar Dubai ta shiga ɗakin, takardun sun gama yawo.

A kwanakin nan tsoro ne ya cika ni. An ce cutar tsofaffi take ɗauka, ni kuwa gemuna ba sauran baƙi. A gida in annoba ta zo, malam ke rubuta aya a allo, a wanke a sha. Sai shaiɗan ya zauna kusa da ni ya yi min lissafi mai kyau: in rubutun malamin unguwarmu, mai gyangyaɗi a kan buzu, yana magani, ina ga na waliyyai? Tawadar irin tamu ce, ta gawayi da ƙaro, ruwa na taɓa ta za ta biyo. Layi ɗaya tak nake so, khalas, shi ke nan.

Na yi alwala, na zaro wasiƙa ɗaya daga jakarta, na kawo kofi da 'yar auduga. Na zaɓi layi na ƙarshe don ya fi baƙi. Abin da ya tsayar da ni haɗama ce: in dai zan sha, gara in sha wanda ya fi ƙarfi, ni kuwa ban iya karantawa ba. Sai na kira likitan ta bidiyo, na ce na'ura lafiya lau, na kewaya na kewaya, sannan na tambaye shi wane layi ne ya fi albarka a nan.

Ya hango kofin a gefena, ya ce: "Baba, mene ne a kofin nan?"

"Ruwa ne, Likita. Ƙishirwa."

"Da auduga kake shan ruwa yanzu?"

Bai ɗaga murya ba. Ya roƙe ni don girman Allah in kai kofin kicin in busar da hannu, sannan in kawo wayar kusa da takardar. Ya riƙa karanta Larabcin yana mayar min da Hausa. Wani mutum ne a sansanin yaƙi yake rubuta wa yayansa. Damina ta same su a hanya, jakinsa ya mutu, a aiko masa da gishiri da takalmi.

"Da ka sha, Baba, da jaki da gishiri ka sha," in ji shi. "Kuma duk duniya babu wata irinta."

Na so in yi dariya, sai ya kai layin ƙarshe, wanda na zaɓa. Mutumin ya ce an ji masa rauni a ƙafa, amma kada a gaya wa innarsu, a ce mata yana lafiya.

Ni ma a watannin nan kago ya tsaya cik, kullum kuma ina ce wa matata aiki ya yi min yawa. Na zura wa layin ido, inda alƙalamin ya danna har tawada ta taru. Ya tsallake yaƙi da gara da damunan da ba su ƙirguwa, ya hau jirgi ya zo nan, saura taki ɗaya ya ƙare a cikin tumbin mai ɗaurin kaya.

Na mayar da ita jakarta da hannu biyu. Na shiga kicin na tsame audugar, na yi bismillah na shanye ruwan haka nan, fari. Da aka buɗe jirage likitan ya dawo, ya tarar da layin innar yana nan yadda mai shi ya bar shi.