Malam Abdulmuttalib Sambo da Daftarin Masu Bugun Goruba

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Malam Abdulmuttalib a shekarar 1952 Miladiyya, a garin Mai Wurno da ke gaɓar kogin Nilu, kudu da Sinnar, a ƙasar Sudan. Mahaifinsa Malam Sambo manomi ne kuma mai fito da kwalekwale, sunan mahaifiyarsa Juwairiyya. Kakansa na wajen uba yana cikin jama'ar da suka yi hijira daga ƙasar Sakkwato da niyyar isa Makka, suka yada zango a nan don su ɗan huta, har yau kuma zuriyarsu ba ta gama hutawar ba.

Karatunsa

Ya fara karatun allo a hannun baffansa yana ɗan shekara shida, a 1960 aka sa shi firamare, daga nan ya wuce makarantar tsakiya a Sinnar. Malamansa sun yi ittifaƙi a kan cewa ba shi da wata baiwa ta a zo a gani sai a hisabi, ko a hisabin ma ya fi ƙarfi wajen ƙirga abin da babu wanda ya sa shi. An ruwaito cewa ya taɓa shafe wata uku yana lissafa sau nawa limamin unguwarsu ke gyaran murya a huɗuba, ya fitar da matsakaici, ya kai wa limamin da hannunsa yana zaton za a gode masa. Dukan da ya sha a ranar bai raba shi da wannan ɗabi'a ba. A 1968 ya bar makaranta, aka ɗauke shi a wani shirin noman rani yana rubuta awoyin ruwan da kowace gona ta sha.

Aurensa

A 1975 ya auri Sharifa 'yar Malam Yahya mai gonar ayaba, bayan shekara biyu Allah Ya albarkace su da ɗa namiji aka raɗa masa suna Zakariya. Gidan Malam Sambo na daga cikin gidajen da suka riƙe kunyar ɗan fari gam, yadda kakanni suka taho da ita daga Sakkwato: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya zura masa ido a gaban mutane. Tun daga ranar suna Abdulmuttalib bai taɓa ce da yaron komai ba sai "wancan". Larabawan da yake aiki da su kuwa, bisa al'adarsu ta girmama mutum da sunan babban ɗansa, suka ɗora masa Abu Zakariya, shi kuma ya riƙa wucewa kamar da wani ake, har suka yanke hukuncin cewa kunnensa ya taɓu.

Zamansa a Saudiyya

A 1979 ya tafi ci-rani gabashin Saudiyya, ya sami aikin ban ruwan ciyawa a unguwar wasu Amurkawa ma'aikatan man fetur. A filin da yake shayarwa ne ya fara ganin wasan besbol, inda mutum ɗaya ke jefo ƙwallo, wani ya tare ta da kulki, in ya same ta ya ruga a guje. Gudun bai dame shi ba, abin da ya sace zuciyarsa shi ne wani dattijo mai suna Mista Holis da ke zaune a gefe yana rubuta kowane bugu a takarda. A ranar ya gane cewa akwai ƙasar da ake girmama mutum don irin laifin da aka dake shi a kansa.

Mista Holis ya koya masa aikin, ya kuma sanar da shi cewa mabuga iri biyu ne. Akwai mai ƙarfi da ke cilla ƙwallo waje da fili amma yana yawan kuskure, akwai mai saiti da ke samun ta a kai a kai amma ba ta nisa. Wanda ya haɗa biyun, wato mai samun ɗari uku cikin dubu kuma yana fitar da ƙwallo talatin waje da fili a shekara, ko a Amurka ɗaiɗai ne. Shekara goma sha ɗaya Abdulmuttalib ya yi yana bin sawun irin waɗannan mutane a tsofaffin jaridun da ake zubarwa. Da zai dawo gida a 1990, Mista Holis ya ba shi kulki ɗaya da ƙwallo uku da adireshinsa, tare da alkawarin cewa duk ranar da ya sami mai wannan siffa a ƙasarsu, ya aiko da sunansa da adadinsa, shi kuma zai nema masa gwaji.

Kafa wasan a Mai Wurno

A ranin 1991, bayan an gama girbin dawa, ya share wani fegi tsakanin magudanar ruwa da gonar surukinsa, ya tara jama'a. Cikin mako guda kulkin ya karye, ƙwallayen uku suka bi ruwa, saboda haka aka koma ga ƙotar fartanya da goruba, wasan ma ya tashi daga besbol ya zama bugun goruba. Ya sayi daftari ya kasa shi uku, kashi ɗaya na masu ƙarfi, ɗaya na masu saiti, na uku ya tanadar wa wanda ya haɗa. Goruba in ta ƙetare magudana ita ce babban bugu.

Shekarun farko sun zo masa da fitina. Wani tsoho da hannunsa ke rawa ya sami ɗari takwas da saba'in cikin dubu, adadin da ba a taɓa jin labarinsa ba a duniya, saboda duk masu jifan surukansa ne, suna miƙo masa gorubar a hankali kamar suna ba shi goron sallah. Malam ya kafa doka cewa suruki ba zai jefa wa surukinsa ba, sai aka wayi gari babu mai jifa a garin, domin kowa surukin wani ne. Ala tilas ya janye dokar, ya ƙirƙiri wata alama da yake ɗigawa a gefen duk bugun da ya zo ta hanyar ladabi.

Sha'anin Zakariya

A 1995 Zakariya, yana da shekara goma sha takwas, ya ɗauki ƙota a karon farko, gorubarsa ta uku ta ƙetare magudana ta faɗa tsakiyar ayabar kakansa. Jama'a suka ɗauki sowa, da suka waiwaya sai suka tarar mai daftari ya juya wa fili baya yana nazarin wata bishiyar darbejiya. Haka abin ya ɗore shekara goma sha biyu. Da zarar Zakariya ya tsaya, Malam zai rufe daftari ya juya, sai yaron ya zauna sannan ya waiwayo. Mutane suka riƙa cika mota daga Sinnar da Sinja don su kalli mabugin, Malam Yahya ya gaji da ƙorafi ya ɗauki asarar ayabarsa a matsayin ƙaddara, amma kashi na uku na daftarin yana nan fari fat, kuma duk wanda ya tambaya, amsar ɗaya ce, har yanzu ana kan nema.

Ƙanen Malam Abdulmuttalib, wato Bilyaminu, wanda a matsayinsa na baffa yake da izinin yin alfahari da yaron, ya tare shi a ƙofar masallaci a 1998 ya ce: "Yaya, wallahi wanga abu ya ishe mu. Mutumin da kaka biɗa shina cin asida gidanka kullum." Malam ya amsa da cewa: "Ma'alesh, a yi haƙuri, ni dai ban gani ba." Babu kuma wanda ya iya ƙaryata shi.

Duk da haka a shekarar ya rubuta wa Mista Holis wasiƙa mai shafi huɗu, uku da rabi gaisuwa ce da labarin damina, a ƙarshe ya ƙara da cewa akwai wani. Amsa ta zo da zumuɗi ana tambayar wane ne, shekarunsa nawa, ina adadinsa. Wannan amsa ta yi shekara huɗu a aljihun jallabiyarsa, ya sha ɗaukar alƙalami yana ajiyewa. A 2002 Bilyaminu ya karɓi adireshin da faɗa ya rubuta da kansa, bayan wata biyar wasiƙar ta dawo ba a buɗe ba, da bayanin cewa mai adireshin ya rasu. Abin dariya ne a bakin gari, amma abin takaici ne, domin dama ce da ba ta sake zuwa ba.

Zakariya bai taɓa nuna fushi ba. Ya zama direban bas tsakanin Mai Wurno da Sinnar, a 2006 ya ajiye ƙota. Sau ɗaya tak ya aiki baffansa ya tambayo masa ko akwai shi a daftari ko da a layi ɗaya ne, saƙon da ya dawo shi ne a gaya wa wancan ya duba tayarsa ta baya. Daga nan ya haƙura a kan cewa mahaifinsa, da ya ƙirga bugun kowane gurgu da makaho a garin, bai san da nasa ba, kuma abin ya daɗe yana ci masa rai.

Shekarunsa na ƙarshe

Wasan ya dusashe bayan da matasa suka karkata ga ƙwallon ƙafa. A 2015 'yarsa Rania ta saya masa waya, ya koma bin mabugan Amurka da Japan, yana tsare duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi da labarin adadinsu, har ta kai majalisar ƙofar gidansa kan watse da zarar ya sa tabarau.

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, biyar ga Sha'aban 1443, daidai da takwas ga Maris 2022, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in. An yi masa sallah bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Mai Wurno kusa da mahaifinsa.

Bayan kwana uku, da aka buɗe akwatinsa, aka tarar da daftarai talatin da ɗaya, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani ƙarami da babu wanda ya san da shi, an rubuta "Wancan" a bangonsa. A ciki akwai kowane bugu na shekara goma sha biyu, rana bayan rana, wanda ya ƙirga da kunne ya rubuta bayan ya koma gida. Jimillar ita ce ɗari uku da arba'in da bakwai cikin dubu, da ƙetare magudana sau ɗari huɗu da goma sha tara. A gefen wata rana ta 1999 ya rubuta: "Yau ya bugi wadda ban ji faɗuwarta ba. Saura kaɗan in waiwaya."

Ya rasu ya bar matarsa Sharifa, da jikoki goma sha huɗu, da 'ya'ya biyar: Izzuddeen, malamin makaranta a Wad Madani, Nawal, tana aure a Rufa'a, Umair, manomi, Rania, ma'aikaciyar jinya a Sinnar, da babbansu Zakariya, wanda ya karanta ƙaramin daftarin a tsaye har hawaye suka hana shi ganin lambobin. Da baffansa ya miƙa masa alƙalami ya ce ya rubuta sunansa a bango, sai ya mayar masa ya ce: "Baffa, a bar shi yadda yab bar shi. Ni na san wancan ɗin."

Allah Ya jiƙan Malam Abdulmuttalib, Ya sa ya huta.