Keken Hedimasta Ranar Juma'a

Jiya a kasuwar Jimeta wani ya kaɗa ƙararrawar keke a bayana, sai na tuna da hedimastanmu na makarantar Katolika, zamanin Jihar Arewa maso Gabas.

Mahaifina Modibbo ne daga Yola. Da ƙyar ya yarda na shiga makarantar mishan, kuma da sharaɗi: ranar da na rasa Juma'a, ranar zai cire ni. Shi ya sa duk Juma'a hedimasta kan kora mu masallaci yana cewa, "Fadan da suka gina makarantar nan don a ƙara wa yaro suka gina, ba don a rage masa ba."

Wata Juma'a na yi tuntuɓe na fasa yatsa, na kasa tafiya. Ya ɗora ni a kekensa, rigarsa tana warin alli da zufa, yana ta kaɗa ƙararrawa har ƙofar masallaci. Da aka idar, mahaifina ya same shi a inuwar dalbejiya yana jan carbinsa na Katolika.

"Modibbo, ga amanarka."

Mahaifina ya yi dariya. "Hedimasta, saura kai ka shigo."

"Nawa sai Lahadi."

Allah Ya saka wa wannan dattijo da inuwar da ta fi ta dalbejiyar nan sanyi.